Tambaya da Amsa: Selki a Wasan Ƙagen Labari

Tambaya: Malam, mu a Fagge, Kano, muna wasan ƙagen labari inda kowa ke zama wata halitta. Yaya zan tsara selki?

Amsa: Ɗan'uwa, selki ta fito ne daga tatsuniyoyin tsibiran Okni da Shetland na Sikotland, dabbar teku ce mai ɗan kama da ayu, wadda ke tuɓe fatarta a gaɓa ta zama mutum. Ka gina komai a kan fatar nan, domin wanda ya ɓoye ta ya hana selki komawa ruwa. A ganina, kada ka mayar da ita 'yar ruwa irin tamu mai jan mutane. Ƙarfinta iyo da nutso, rauninta kuwa begen teku, har ta riƙa shafa akwatin da take zargin fatarta na ciki.