Yaudara, annamimanci ko makirci: wane suna ya dace da aikin Iago?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai nazarin adabin Ingilishi. Muna karanta wasan Othello na Shakespeare, sai gardama ta kaure a aji kan abin da Iago ya yi wa ubangidansa a kashi na 4. Wasu sun ce yaudara ce, wasu munafunci, ni kuwa na ce annamimanci. Wace kalma ce ta fi dacewa? Sannan ina gaskiyar "gani ya kori ji", tunda Othello da idonsa ya gani amma ya halaka?

Amsa: 'Yata, Allah ya yi albarka. Bari mu fara tuna wa waɗanda ba su san wasan ba. An nuna shi a fadar sarkin Ingila a 1604, aka buga shi a littafi a 1622. Othello janar ne baƙar fata da ke yi wa birnin Benis aikin soja, aka tura shi tsaron tsibirin Kubrus. Iago, mai riƙe masa tuta, ya ƙullace shi don ya ɗaga Cassio sama da shi, sai ya shiga cusa masa zargin cewa matarsa Desdemona tana bin Cassio.

Duk kalmomin da kuka kawo suna da rabo a jikin Iago, amma kowace da inda ta tsaya. Yaudara ita ce ka nuna wa mutum fari alhali baƙi ne, kuma tana iya ƙarewa a zama ɗaya. In dukiya aka ci da ita, sai mu ce zamba ko damfara, kamar yadda Iago ya tatse kuɗi da kayan ado daga hannun Roderigo, wani ɗan Benis mai son Desdemona, da alkawarin zai kai su ga Desdemona. Munafunci daga Larabci muka aro shi, wato fuska biyu, kuma Iago ya yi shi har kowa a wasan yana kiransa mai gaskiya. Annamimanci, wanda kika zaɓa, shi ma aro ne daga Larabci: ɗaukar magana daga nan a kai can don a haɗa mutane faɗa. Kin kusa, amma annamimi dako yake yi, abin da ya ji yake kaiwa ko da ya ƙara gishiri. Iago bai ji komai ba. Shi ya ƙirƙiro maganar, ya samo mata shaida, ya kuma zaɓi inda kowa zai tsaya.

Don haka ni makirci zan ce. Ki lura da kalmomin aikin da Bahaushe yake haɗa shi da su. Yaudara yinta ake yi, amma makirci ƙulla shi ake yi, ko a kitsa shi, kamar yadda ake ƙulla tuggu. Wanda ya taɓa zama kusa da mai kitso ya san abin da nake nufi: sai ta tsaga kai layi-layi, ta kama sili uku, ta ɗora wannan a kan wancan, ba ta sakin ɗaya sai ta kama wani. Haka Iago ya riƙe Othello da Cassio da Emilia, matar shi Iagon, kowa bai san da shi ake saƙar ba.

Sai batun gani da ji, wanda ya fi taɓa ni a tambayarki. Othello da kansa ya nemi shaidar ido tun a kashi na 3. A fitowa ta 1 ta kashi na 4, bayan ya farfaɗo daga faɗuwar da baƙin ciki ya sa ya yi, Iago ya ce ya laɓe ya kalli fuskar Cassio yayin da zai tambaye shi labarin Desdemona. Da Cassio ya zo, sai Iago ya ɗauko zancen Bianca, wata mace da ta mato a kan Cassio. Cassio ya yi ta ƙyaƙyata dariya, yana kwatanta yadda take rataye masa a wuya. Othello na can gefe yana hangen hannu da baki da dariya, yana ɗauka matarsa ake wa wannan tozarci. Ana cikin haka Bianca ta shigo a fusace ta mayar wa Cassio wani adiko mai zanen 'ya'yan itace, wanda shi ne kyautar farko da Othello ya ba Desdemona. Adikon nan faɗuwa ya yi, Emilia ta tsinta ta ba mijinta, shi kuma ya yar a ɗakin Cassio. Shigowar Bianca ba ta cikin shirin Iago, amma nan take ya saƙa ta cikin kitson.

To, karin maganar bai yi ƙarya ba. "Ji" a cikinsa yana nufin jita-jita, labarin da wani ya kawo maka, "gani" kuma shi ne ka halarci abu da kanka. Othello bai halarci komai ba. An fara cika masa kunne, sannan aka ba shi rabin gani, hoto ba murya, aka kuma gaya masa fassararsa tun kafin ya duba. A nan ji ne ya hau kan gani ya ja linzaminsa. Da ya fito daga maɓoyarsa ya yi wa Cassio tambaya ɗaya tak, da zancen ya watse. Wannan wurin kullum yana sosa mini rai in na karanta.

Wani mai karatu kuma ya tambayi ma'anar "ingiza mai kantu ruwa", ga shi ta zo daidai. Kantu curin gishiri ne, irin wanda ayarin raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma a ƙasar Nijar. Wanda ya zuga mai ɗauke da shi ya shiga ruwa, ya san gishirin zai narke, shi kuwa yana tudu ba abin da zai rasa. Haka Iago ya yi: a wannan fitowa ta 1 ta kashi na 4, bayan Cassio ya tafi, Othello ya nemi gubar da zai kashe Desdemona, Iago ya ce a'a, ya shaƙe ta a kan gadonta. Othello ya aikata a kashi na 5. Sai da Emilia ta ji zancen adikon ta tona asiri, mijinta ya soke ta ya kashe. Da aka kamo Iago aka tambaye shi dalili, sai ya ce daga yanzu ba zai ƙara furta ko kalma ɗaya ba, kuma har wasan ya ƙare bai sake buɗe baki ba.