Amsa ga ɗana a Yamai: tsakanin imanin zuci da aikin gaɓoɓi

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso Tawa, kowa lafiya, iyayenka suna gaishe ka. Ka ce abokin ɗakinka a jami'a ba ya salla, in an yi masa magana sai ya dafa ƙirji ya ce imani a zuci yake. Ka kuma ce akwai wani mai shago a unguwarku da ba ya rasa sahun farko, amma tiyarsa ta awon hatsi ba ta cika. Kana so in gaya maka wane ne Musulmin kirki a cikinsu.

Wannan rabon ba aikinka ba ne, ba kuma nawa ba. Amma tambayar da ke ƙarƙashinsa tana da amsa, malamai sun daɗe da warware ta.

Ka tuna hadisin Mala'ika Jibrilu, wanda Sayyadina Umar ya ruwaito. Da aka tambayi Annabi (SAW) Musulunci, sai ya lissafa abubuwa 5 da ido ke gani ko kunne ke ji: kalmar shahada, salla, zakka, azumin Ramadan, hajji ga mai iko. Da aka tambaye shi imani, sai ya kawo 6 da babu mai ganinsu: yarda da Allah, mala'ikunsa, littattafansa, manzanninsa, ranar lahira, da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Na uku ihsani, ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa. A ƙarshe ya ce Jibrilu ne ya zo ya koya muku addininku, wato duka ukun ya kira addini. Suratul Hujurati aya ta 14 ta nuna ana iya samun na farko ba na biyu: Larabawan ƙauye sun ce sun yi imani, aka ce su ce dai sun musulunta, imani bai shiga zukatansu ba tukuna.

Fiƙihu zahiri yake aunawa, shi ya sa malamai suka raba inganci da karɓuwa. Ɗauki alwala. A mazhabarmu ta Malikiyya farillanta 7 ne: niyya, wanke fuska, wanke hannuwa har gwiwar hannu, shafar kai duka, wanke ƙafafu har idon sawu, cuɗawa, da jerantawa ba tare da jinkirin da gaɓa za ta bushe ba. Shida daga ciki wanda ke zaune kusa da butarka zai iya ganin ka yi ko ba ka yi ba. Ɗaya tak, niyya, ba ya ganinta, kuma in babu ita sauran shidan wanke jiki ne kawai. Mazauninta zuciya, ba sai ka furta da baki ba. Mutum biyu za su tsuguna bakin famfo ɗaya a watan Afrilu, su wanke gaɓoɓi iri ɗaya, guda ya tashi da alwala, guda ya tashi da sanyin jiki.

Salla ma haka. Natsuwar gaɓoɓi a ruku'u da sujada farilla ce. Mai caccakar ƙasa kamar zakara sallarsa ba ta yi ba, shi ya sa Annabi ya mayar da wani mutum har sau 3 yana ce masa koma ka yi salla, ba ka yi ba. Shi kuwa wanda jikinsa ya natsu amma zuciyarsa na Babbar Kasuwa tana lissafin jika nawa ya rage, ba za a ce ya sake ba, ya sauke farali. Ladan ne ke raguwa gwargwadon abin da ya halarta.

To abokinka. Risala da ake karantawa a zaurukanmu ta ce imani furuci ne da harshe, ikhlasi da zuciya, aiki da gaɓoɓi, yana ƙaruwa da aiki yana raguwa da raguwarsa. Hadisin da irinsu suke fakewa da shi, cewa Allah ba ya duban surarku da dukiyarku, ƙarshensa cewa ya yi yana duban zukatanku da ayyukanku. Rabin suke karantawa su tsaya. Labarin zuciya a tambayi fuska. Sai dai kar ka kafirta shi: a Malikiyya wanda ya bar salla don kasala, bai musanta wajabcinta ba, mai babban zunubi ne amma Musulmi ne. In ya dawo, ramuwa na kansa. Ahlari, littafin fiƙihun Malikiyya, ya ce wanda ke rama sallolin kwana 5 a kowace rana ba a kiransa mai sakaci, kuma ramuwar farilla ba ta da lokacin hani. Ka gaya masa wannan a keɓe, ba a gaban ƴan ɗaki ba.

Mai shagon kuwa, na san abin da ke bakinka: Musa a baki, Fir'auna a zuci. Riƙe shi. Tauye mudu laifi ne na fili, Suratul Muɗaffifina da shi ta buɗe, kana da damar ka yi masa nasiha, ka ƙi sayen hatsinsa, ka gargaɗi mai saye. Abin da ba ka da dama shi ne ka ce sallarsa ta munafunci ce. Usama ɗan Zaidu ya kashe wani a yaƙi bayan ya yi shahada, ya ce tsoron takobi ne ya sa shi, Annabi ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ya gani. Munafukan Madina ma da hukuncin Musulmi aka zauna da su. Wannan ne yawancinmu muke juyawa: mu auna kanmu da zahiri don shi ne mai sauƙi, mu auna jama'a da baɗini da ba mu gani ba. Har rigimar saki da ƙabalu da ta raba masallatai a garuruwanmu, ai a mazhabarmu babu ɗayansu da ke ɓata salla.

Saura riya, tunda ka ce wani lokaci kana tsawaita sujada in ka ji an shigo. In don mutane aka fara aikin tun daga tushe, babu lada. In ta faɗo a tsakiya ka kore ta, ba ta cutar da kai, ci gaba da sallarka yadda ka faro, kar ka ƙara kar ka rage. Kada kuma ka bar jam'i don tsoron a ce kana nuna kai, barin aiki saboda mutane shi ma tarko ne. Farilla a bayyane ake yin ta. Nafila ka kai ta ɗaki, sadaka kuma ka ware wani abu kowane wata, ko dala ashirin ce, wanda daga kai sai wanda ka miƙa wa.

Ka gaida abokin naka. In kun samu hutu ku zo tare.