Tambaya da Amsa: Layin shiga sabar ya ishe ni, in tashi ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina buga wani gem na intanet irin wanda dubban mutane ke cikin duniya ɗaya, kuma sabar tamu ta 'yan RP ce, wato kowa ya ɗau halin wani ya rayu da shi kamar a wasan kwaikwayo, ni maƙeri ne a ciki shekara biyu kenan. Tunda aka saki sabon babi wlh shiga ta zama aiki, jiya aka ce ni ne na 4,000 da wani abu a layi, na yi ta jira har saura mutum 300 sai netwok ya ɗan girgiza aka watso ni waje, na koma ƙarshen layi. Me ya hana kamfanoni su ƙara sabobi kawai kowa ya huta? Kuma in koma wata sabar da ba cunkoso ne ko in haƙura? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu, wannan watsowar ana saura ƙiris kam tana da ciwo.

Kowace sabar, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da duniyar gem ɗin, tana da iyakar mutanen da za ta ɗauka lokaci guda, don duk taku ɗaya da ka yi sai ta lissafa ta aika wa duk wanda ke kusa da kai, in ku ɗari ne a dandali ɗaya motsin kowa sai ya je wa mutum 99, ka ga nauyin ba a hankali yake hawa ba. Shi ya sa ake tsayar da sauran a ƙofa.

Ƙarin sabobi kuwa an gwada. Da Amazon ta saki gem ɗinta New World a Satumban 2021 kowace duniya mutum kusan 2,000 take ɗauka, layi ya yi tsawo, suka yi ta buɗe sababbi, bayan 'yan watanni jama'a suka ragu sai ga shi ana haɗe sabobin da suka zama kufai. Wani lokacin ma injinan ne babu: a Disambar 2021 da Endwalker, sabon babin gem ɗin Final Fantasy XIV, ya fito, Square Enix mai gem ɗin dakatar da sayar da shi ta yi na ɗan lokaci saboda cunkoso, ga ƙarancin ƙwayoyin kwamfuta a duniya lokacin, ko da kuɗi a hannu ba a samun sabar nan take.

Toh amma ku 'yan RP taku matsalar daban ce, ko an buɗe sabar hamsin ba za ku je ba, kai ma ka sani. Mai kashe dodanni ko'ina aka ajiye shi zai samu dodo, kai kuwa maƙeri me za ka yi da maƙera in ba wanda zai leƙo ya ce a gyara masa takobi ya tsaya kuna ciniki cikin hali? Mutane ne kasuwar ba rumfunan ba. Sabar Balmung ta Final Fantasy XIV ba kamfani ne ya ce ta RP ce ba, 'yan wasa ne suka taru can da kansu har ta cika aka riƙa rufe ƙofar yin sabon karakta, su kuwa sabobin Moon Guard da Argent Dawn na World of Warcraft kamfanin ne ya ware su don RP, amma su ma suna ya tafi kowa can yake nufa.

Akwai dabarar da Blizzard, kamfanin World of Warcraft, ta yi a World of Warcraft Classic a 2019, a kwafi duniya ɗaya gida-gida a rarraba mutane ciki. Tana rage matsi, sai dai ga ɗan RP ni a ganina gara layin, don kana tsaye bakin ƙofar masauki abokinka ma yana bakin wannan ƙofar amma ba ku ganin juna sai an gayyaci ɗaya cikin tawaga. Sabobin RP na gem ɗin GTA V da ke kan FiveM, manhajar da 'yan wasa ke buɗe sabobinsu da ita, su kuma da yawansu tace mutane suke, sai ka cike fom ka rubuta tarihin karaktanka kafin a karɓe ka.

Shawarata kar ka tashi kai kaɗai, gudun gara ne za ka faɗa gidan zago. Ƙirga mutanen da labarin maƙerinka ya rataya a kansu, in takwas ko goma sun yarda ku tafi tare toh, amma ku fara yin sabon karakta can ku zauna sati biyu ku ga ko akwai rai da dare. Kuma ka bincika ko za a bar ka ka dawo, cikakkiyar sabar sau da yawa fita ake ba a shiga, gidanka na cikin gem ma ba lallai ya bi ka ba. Ni da ni ne zan jira wata guda, 'yan zuwa ganin sabon babi su ɗan janye. Kafin nan ka shiga layi tun kafin yammar agogon sabar, ka jona waya maimakon wayales in da hali, kuma don Allah banda ɗora wani abu kan madanni don kar a kore ka in ka tashi, kujerar wani ka danne, in aka kama ka akawun ɗinka na iya tafiya.