In ciri kuɗi daga jarin shago in faɗaɗa sassaƙar cokula?

Wani mai shagon tireda a Funtuwa ya aiko da wannan tambaya: "Tun ina yaro na koyi sassaƙa a wurin kawuna. Yanzu idan na rufe shago da dare nakan sassaƙa cokula da koshiya, in yi musu ado da zanen wuta, don nishaɗi kawai. Duk wanda ya gani sai ya yaba, har wata baiwar Allah ta sayi dozin guda don rabon biki. Ina so in ciri naira 400,000 daga jarin shago in sayi injin goge itace da janareta, in kama ɗaki. Me kuke gani?"

Malam, Allah ya ƙara wa hannu albarka. Amma jarin shagon nan ka bar shi inda yake tukuna. Abin da ke hannunka yanzu yabo ne mai yawa da ciniki guda ɗaya, gani kuwa ba ci ba ne. Abokin da ya ce "wallahi wannan ya yi kyau" bai zama mai saye ba sai ranar da ka faɗa masa kuɗi ya sa hannu a aljihu.

Mu yi lissafi, tunda kai ɗan kasuwa ne. A ce cokali ɗaya, daga fafewa zuwa zane, yana cin awa 4. Ka sa wa awarka naira 500 kacal, 2,000 ke nan tun ba a zo kan itace da takardar goge da kakin zuma da kwali ba. Sannan akwai waɗanda za su tsage, musamman da hunturu. Idan biyu cikin goma suka lalace, takwas ɗin da suka rage su za su ɗauki nauyinsu. Ka ga cokalin ya doshi 3,000 a kanka. In ka sayar 4,500, ribarka 1,500. Kafin ka mayar da 400,000 sai ka sayar da cokula kusan 270, wato aikin awa sama da 1,000. Mai yin awa biyu kowane dare zai kwashe shekara ɗaya da rabi, ban da kuɗin haya da man janareta. Ka canza waɗannan alƙaluma da naka na gaskiya, ka ga abin da zai fito. Masu sana'ar sha'awa kusan duk a nan suke tuntuɓe: sukan ƙirga kuɗin itace, su manta da lokacinsu, sai su ɗauka riba suke ci alhali kyauta suke yi. Ita kuwa 400,000 a shagon tireda juyawa take yi, sukari da taliya da sabulu ba sa kwana.

Sai maganar wa za ka sayar wa. Koshiyar girki da muciya suna da masu su. Masassaƙin ƙauye yana fitar da su da gizago cikin ɗan lokaci, ya baza ranar kasuwa kusa da turmi da taɓarya, a farashin da ba za ka iya bi ba. Ga kuma ludayin alminiyum da na roba. Kada ka shiga wannan layi. Naka kayan ado ne da kyauta: masu rabon biki da suka gaji da bokitin roba, jeren ɗakin amarya, gidajen abincin gargajiya masu zuba tuwo a akushi, da masu shagunan kayan hannu irin na Kasuwar Kurmi a Kano ko kasuwar kayan gargajiya ta Abuja. Ka dubi cokulan Abzinawa na Agadez masu zanen wuta. Da na cin abinci ne a cikin tanti, yau baƙi na saye su rataye a bango. Abin da ake biya a wurinsu aikin hannu ne. Shi ya sa ma injin nan bai kwanta mini ba. In ya goge alamar wuƙa, cokalinka ya koma kamar na kamfani, na kamfani kuwa ya fi ka araha.

Ga abin da zan so ka yi cikin wata shida masu zuwa. Ka zaɓi zane uku ko huɗu da hannunka ya saba da su, dagin Arewa ya kasance a ciki, ka ɗauki hotonsu da hasken safe a kan tabarma ko farin ƙyalle, ka sa a WhatsApp da Facebook tare da farashi a fili. Mai son a rubuta sunan ango da amarya ya ƙara kuɗi. Kada ka sari itace don kowa sai ya ba da kafin alƙalami, rabin kuɗi, domin cokalin da aka ƙona wa sunan wata ba ya sayuwa ga wata. Masu shaguna za su ce ka bar kaya sai an sayar a biya ka. Ka ba su kaɗan, a rubuce. Kuɗin sassaƙa kuma su samu littafinsu daban, kada ko sisi ta shiga aljihun tebur na shago. In sun haɗe, ba za ka taɓa sanin wanda ke ciyar da wani ba.

Itace ma kuɗi ne. Ragowar katako a wurin kafintoci da rassan mangwaro ko darbejiya da aka datse sun ishe ka, kusan a banza. Darbejiya da maɗaci suna da ɗaci, a bar su ga na ado. Wanda zai shiga abinci kada ya ga fenti ko banish, kakin zuma da man kwakwa sun wadatar. Ɗanyen itace ya fi daɗin sassaƙa, amma a inuwa ake busar da shi sannu a hankali. Ka kiyayi madobiya idan kana da burin aika kaya waje: tun 2017 tana cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta kare dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, ta sa wa takunkumin ciniki tsakanin ƙasashe. Saran ɗanyen ice a daji kuma sai da izinin ma'aikatan gandun daji, tarar su za ta iya cinye ribar wata guda.

Akwai abin da ba ka tambaya ba. Yau kana sassaƙa ne lokacin da ka ga dama. Ranar da uwar amarya ta ba ka aikin cokali 100 cikin mako uku, tana kiran waya safe da yamma, nishaɗin nan zai koma bashi a wuyanka. Wasu sun iya da hakan, wasu kuwa wuƙar ma fita take yi daga ransu. In irin wannan aiki ya zo, ka nemi masassaƙa biyu su fafe maka, ka biya su a kan kowane ɗaya, kai ka riƙe gyara da zane.

Idan wata shidan ta cika littafin ya nuna aiki ya fi ƙarfin hannunka, sai a yi maganar kayan aiki, daga ribar sassaƙar kanta. Ko a lokacin, wuƙaƙe masu lanƙwasa a wurin maƙeri da dutsen wasa mai kyau za su riga janareta. Rajistar sunan sana'a a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuma ta jira sai ka fara samun aikin otal ko ofis masu neman rasit.