Kare yana amai, kai kana tambayar madara

Kai yaro, ka ce an kawo maka kare tun jiya yana amai, mai shi yana tambaya ko a ba shi madara ya ji ƙarfi, kai kuma ka tsaya kana sosa ƙeya. Madara! A zamanin da muke koyon aiki, wannan tambaya rankwashi take jawowa. Cikin da ko ruwa ba ya riƙewa za ka ɗura wa madara? Zawo za ka ƙara masa a kan aman.

Babban kare in yana amai, ɗauke kwanon abinci daga gabansa awa 12, in ta kama har 24. Yunwar yini ɗaya ba ta kashe kare. Ƙarewar ruwan jiki ke kashe shi, balle nan Garwa a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Ruwan ma kada ka dire masa bokiti, kwankwaɗa zai yi ya dawo da shi nan take. Cokali biyu ko uku, ka dakata, ka sake. In ya zauna, sai ruwan gishiri da sukari irin na yara masu gudawa. Ba sai na koya maka haɗin ba, kowace uwa a unguwar Yelwa ta iya. Kwikwiyo da kyanwa kuwa ba a yi musu wannan dogon azumi. Shi sukarin jininsa ke faɗuwa, ita in ta yi kwanaki ba ci hantarta ke lalacewa.

Amma ka tambayi mai karen ko an yi masa rigakafi? Ka tambaya, kuma ko da ya rantse kada ka yarda.

Akwai wani attajiri mai tireloli da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare zuwa Kusiri. Ya sayo ɗan kwikwiyo irin na Jamus daga Yawunde, ya zo mini da shi a bayan mota, kujera duk amai. Na ce an yi masa allura? Ya zaro kati, ga hatimi ga sa hannu. Ya ce wallahi ba wadda aka tsallake, gajiyar hanya ce kawai, shi kuma tafiya ta kama shi, in riƙe masa kwikwiyon. Lokacin karyata ta yaye 'ya'yanta ke nan, irin namu na farauta masu dogon ƙafa da ɗamammen ciki, mafarauta sun riga sun ba da kafin alƙalami a kan kowanne. Mutum da furfurarsa ya rantse, ga kati a hannu, sai na sa kwikwiyon a tsakar gida.

Kafin a je ko'ina aman ya zama zawo, zawon ya zama jini tsinkakke, ja mai duhu, da wani irin ƙarni wanda in ka shaƙe shi sau ɗaya ba ka ƙara mantawa. Idanu suka faɗa, dasashi ya yi fari ya bushe, in ka ja fatar wuyansa ka saki sai ta tsaya a tsaye. Parvo ce, cutar da ta ɓulla a duniya a 1978, wadda ke cinye bangon hanjin kwikwiyo. Ba ta da maganin da ke kashe ta. Ruwa kawai za ka yi ta ƙara masa ta jijiya, da allurar tsayar da amai da ta kare shi daga ƙwayoyin cuta, har jikinsa ya yi yaƙin da kansa. Da kuɗin aljihuna na sayi ruwan. Na kwana tsugune riƙe da ƙafarsa ta gaba don kada ya fizge allurar, sauro na yin biki a kaina.

Nasa ya tashi. Nawa suka bi juna ɗaya bayan ɗaya, ban tsira da ko guda ba. Na bi mafarauta ina mayar da kuɗi ina ba da haƙuri. Kuma ƙwayar cutar tana daɗewa a ƙasa wata da watanni, har shekara. Daɓen siminti ka wanke shi da ruwan javel, wato bilicin wanki, awo 1 cikin awo 30 na ruwa, amma tsakar gidan ƙasa da me za ka wanke ta? Haka na zauna ba damar ajiye kwikwiyo.

Daga baya direbansa ya tsegunta mini cewa katin na wani kare ne daban. Shi attajirin ya san 'yan'uwan kwikwiyon sun mutu a hannun mai sayarwa, abin da ya sa ya same shi da araha ke nan. Bai tsaya nan ba. Da ya zo ɗauka na ce masa shinkafa da kaza kawai. Makon Layya ne, 'ya'yansa suka cika wa karen ciki da kitse da ƙasusuwan rago, aman ya dawo. Sai ya ce ai aikina bai yi ba, me zai biya? Na yi ta sintiri ƙofar gidansa, yau ya fita, gobe yana barci. Har yanzu in mun haɗu a masallacin Juma'a shi ke fara miƙo hannu, ko kunya babu.

To, abincin. In ya yi rabin yini bai yi amai ba kuma ruwa yana zama, dafa farar shinkafa ta yi luguf, da tsokar kaza dafaffiya, ba fata ba ƙashi. Shinkafa kashi biyu, nama kashi ɗaya. Ba mai, ba magi, ba yaji, ba albasa ko tafarnuwa, don su biyun nan farfasa jinin kare suke yi. Cikin tafin hannu ya isa, bayan awa uku ko huɗu a ƙara. Zai lashe kwanon ya kafa maka ido, kada tausayi ya ruɗe ka. Bayan kwana biyu ko uku ka fara cuɗa masa da abin da ya saba ci, kullum kana rage shinkafar.

Ku yaran yanzu komai ku duba waya, sannan ku ruga wurin mai tallar magani. Paracetamol ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Ibuprofen da diclofenac gyambo suke yi wa kare a ciki har ya yi aman jini. In ka ga jini, ko ciki ya kumbura yana kakari ba abin da ke fita, ko kana zaton ya ci maganin ɓera, wannan ya wuce shinkafa, likita za a kai shi a ranar. Mai dalalar da yawu da ya kasa haɗiya kuwa, kada ka kuskura ka sa hannu a bakinsa wai kana neman ƙashi, yana iya zama ciwon hauka.

Shi wannan na wurinka, kai shi rumfar baya mai siminti, kada ya taka mini tsakar gida. Ka karɓi rabin kuɗi kafin ka taɓa shi, katin kuma ka kawo mini in duba da idona.