Kafin ka biya kuɗin monita 4K, fara leƙa katin girafik ɗinka

Salam ɗan'uwa. Wallahi tambayarka ta taɓa ni, don wannan ramin da kake shirin faɗawa ni na faɗa shi kuma da ƙyar na fito. Ka ce monita ɗaya kake so wadda za ka yi aiki da ita da rana, Excel da rubuce-rubuce, da dare kuma ka buga gem, ka rasa wacce za ka ɗauka tsakanin 4K da 1440p (sunayen yawan fiksel ne, wato ɗige-ɗigen da ke haɗa hoton sikirin), kuma katin girafik ɗinka, wato abin da ke zana hoto a cikin kwamfuta, matsakaici ne ba wani dodo ba. To in ka bi ta tawa, inci 27, 1440p, mai irin sikirin da ake kira IPS, 144Hz (wato hoto na sabuntuwa sau 144 a daƙiƙa guda) ko abin da ya fi. Amma tsaya ka ji dalili, don na san da zarar ka je wajen masu sayarwa za su juya maka kai.

Ni mutumin da ya sayar min da tawa 4K ɗin har yau in na tuna shi raina sai ya ɓaci. Na gaya masa sunan katina, na gaya masa da laftof ɗin aiki zan riƙa jona ta da rana, ban ɓoye masa komai ba, ya dube ni ido cikin ido ya ce ai wannan 4K ce 144Hz ce komai za ta ɗauka, wai in na ga hoton ma ba zan ƙara kallon wata monita ba. Na kawo ta na jona laftof, maus yana tafiya kamar ana jan sa da igiya, ka matsar da shi sai ya biyo ka daga baya, in ka ja shafi ƙasa rubutu na tsalle-tsalle. Ashe ramin jona monita da ke jikin laftof ɗin HDMI 1.4 ne, shi kuwa a 4K iyakarsa 30Hz. Talatin fa! Ramin HDMI na monitar kanta kuma 2.0 ne, wato ko da wace na'ura ka zo 60Hz ne ƙarshenta a 4K, 144 ɗin da aka rubuta ɓaro-ɓaro a kwali ta wani ramin daban mai suna DisplayPort kawai ake samunsa, kuma wayar DisplayPort ɗin ba ta cikin kwalin. Mutumin nan ya san duk wannan, sana'arsa ce, kullum su yake juyawa a hannu, shiru kawai ya yi min.

Na samo wayar na jona babbar kwamfuta, na ce to yau dai za a sha gem. Ina! Fanka ta hau ihu, katin ya ɗau zafi, hoto na yankewa, firem, wato hotunan da katin ke fitarwa a daƙiƙa guda, na sauka ƙasa da 40 duk inda aka cakuɗe da faɗa, daidai lokacin da ka fi bukatarsa. Na rage inuwa, na rage haske, na rage komai har gem ɗin ya koma mummuna fiye da yadda yake a tsohuwar monitata ta 1080p. Ina zaune ina kallon abin da na daɗe ina tara wa kuɗi, wallahi kamar in yi kuka. Ana cikin haka kuma sai ga wani ɗigo kore a kusa da tsakiyar sikirin, fiksel ɗaya ya maƙale, a kan fari ba ka ganinsa amma da an shiga wuri mai duhu sai ya tsaya maka a ido. Na mayar masa, ya ce wai ɗigo ɗaya ba matsala ba ne a ƙa'idar kamfani, sai sun kai kaza kafin a canza. Na ce to batun 144Hz ɗin fa, ya ce ai ban tambaye shi ta wane rami ba. Ka ji fa. Har da dariya yake yi yana danna waya, ko ɗago kai bai yi ba. Allah dai ya isa, ban yafe ba.

To ga lissafin da ya kamata ya gaya min. 1080p wato 1920 sau 1080, fiksel miliyan 2 ne da ɗan kai. 1440p wato 2560 sau 1440, kusan miliyan 3.7. 4K kuma 3840 sau 2160, kusan miliyan 8.3, ninki 4 na 1080p ke nan cif, kuma ya haura ninki 2 na 1440p. Duk waɗannan fiksel ɗin katinka ne zai zana su, a kowane firem, sau 60 ko sau 144 a daƙiƙa guda. Monita ba ta ƙara wa kwamfuta ƙarfi ko kaɗan, kaya kawai take ƙara mata.

Wani zai ce maka ai ka sayi 4K ɗin, in gem ya yi nauyi sai ka sauke shi zuwa 1440p. Na gwada, hoton dishi-dishi yake fitowa, saboda 1440 ba ya raba 2160 daidai, dole monita ta shafa fiksel a kan juna. 1440p a kan monitar da aka ƙera ta a 1440p ya fi shi kyau nesa ba kusa ba. DLSS na Nvidia da FSR na AMD, dabarun kamfanonin kati na zana gem a ƙaramin girma sannan a faɗaɗa shi, suna taimakawa sosai, ban musa ba, su ne ma suka ɗan cece ni, amma ba kowane gem ke da su ba, kuma ba sa mayar da ƙaramin kati babba.

Gaskiya ɗaya da zan ba 4K ita ce rubutu. A inci 27, 4K tana ba ka fiksel kusan 163 a kowane inci, 1440p kusan 109, 1080p kuma kusan 82, shi ya sa kar ka kuskura ka sayi 1080p mai inci 27, za ka riƙa ganin haƙoran haruffa. Rubutu a 4K sumul yake kamar na takarda, idan aikinka karatu ne wuni guda za ka ji daɗinsa. Sai dai abin da ba a gaya wa mutane, a inci 27 ba za ka iya barin ta a 100% ba, komai ƙanana zai zama, dole ka ƙara girma a saitin Windows zuwa 150%, kuma da ka yi haka filin aikinka ya dawo daidai da na 1440p ɗin da ka raina. Layukan Excel ɗin da za ka gani adadinsu ɗaya ne, sun dai fi kyau. Ga tsofaffin manhajoji da ba su san wannan ƙarin girman ba, wasu su fito dishi-dishi wasu maɓallansu su ƙanƙance. In har zuciyarka ta kafe a kan 4K to ka tafi inci 32, kuma ka tabbata tebur ɗinka na da faɗin da za ka ja baya.

Shi kuwa 144Hz ba na 'yan gem kaɗai ba ne, ko maus da jan shafi za ka ji bambanci. A 60Hz kowane firem na ɗaukar wajen milisakan 16.7, a 144Hz kusan 6.9. Da ka saba, komawa 60 azaba ce. Kuma don Allah in ka jona ta ka shiga saitin sikirin ka zaɓi 144 ɗin da hannunka, sau da yawa Windows a 60 take barin ta, akwai waɗanda ke zaune da monita mai 165Hz suna kallon 60 ba su sani ba. Ka kunna FreeSync ko G-Sync ma, shi ke hana hoto yagewa biyu idan firem na hawa da sauka. Tun 2019 katunan Nvidia suna aiki da yawancin monitocin FreeSync ta DisplayPort, saboda haka kar wani ya ɗora maka mai tsada da wannan hujjar.

Rubutun jikin kwali kuwa rabinsa ado ne. 1ms ɗin nan da kowa ke bugawa, wato wai saurin canjin fiksel milisakan ɗaya ne, yawanci sai ka kunna wani saiti da ke rage haske ko ya sa abu ya riƙa jan inuwa a bayansa kafin a kai shi, ba wanda ke zama a wannan saitin. HDR400 ma haka, wato tambarin da ke alƙawarin ƙarin haske da launi, sunan ne kawai, ba ta iya dusashe wani sashe na sikirin ta bar wani da haske, ni kashe shi nake yi don launi fari-fari yake komawa. Irin sikirin da ake kira VA baƙinta ya fi na IPS zurfi, tazarar farinta da baƙinta wajen 3000:1 ita kuma IPS wajen 1000:1, kallon fim da dare akwai daɗi, amma da yawansu baƙin yana jan jela idan abu na gudu. Irin sikirin OLED ba a magana wajen kyau, sai dai mai buɗe Excel wuni guda da layin ƙasa na Windows a tsaye wuri ɗaya, ni dai tsoron tabon da ke kama sikirin nake yi, ban ba ka shawara ba.

Af, ƙafar monita. Ba ka tambaya ba amma wuyana ne ya sa zan faɗa. Waccan ta mutumin can ba ta hawa ba ta sauka, sunkuyo kawai take yi, sai da na jera littattafai a ƙarƙashinta, da yamma kafaɗata kamar an dake ni. Ka nemi mai hawa da sauka, ko aƙalla mai ramukan VESA 100 sau 100 a baya yadda za ka ɗaura ta a hannun ƙarfe daga baya. Sifikar ciki kuma kar ka sa ta a lissafi ko kaɗan.

Idan kana da PS5 ko kana shirin saye, tana ɗaukar 1440p tun sabuntawar 2022, amma 4K a 120Hz sai da HDMI 2.1, a duba ramin monitar da kyau ba rubutun gaba ba. Laftof kuma ba kowane USB-C ke fitar da hoto ba, ka duba naka tukun.

Ranar saye kar ka bari a ba ka a rufe ka tafi. A kunna a gabanka, a buɗe fari zalla, baƙi zalla, ja, kore, shuɗi, ka matso da ido ka bi kowane lungu, a kan baƙin kuma ka duba gefuna ko haske na yoyo. Ka tambayi ɗigo nawa ne suke karɓar a dawo da ita kuma a rubuta maka, magana ta baki ba ta kama kowa, ni shaida ne. Ka turo sunan katinka da irin gem ɗin da ka fi bugawa, in na harbi ne na gasa ma wataƙila inci 24 mai 1080p da 240Hz ta fi maka, sai dai aikin ranar ne zai ɗan matse.