Amsa: Cire danshi daga samfurin iskar gas kafin a saka shi a GC (gas chromatograph, na'urar da ke rarrabe sinadaran da ke cikin gas)

Malam, ka ce kololuwar oksijin da ta naitirojin sun fara haɗewa a zanen sakamakon da na'urarka ke fitarwa, kana tambaya ko silica gel, ƙwayoyin nan masu tsotse danshi, zai magance danshin. A gaskiya ban ba ka shawarar haka ba. Yana shan ruwa kam, amma yana riƙe sinadarai masu nauyi irin su pentane da hexane, sai lissafin ƙarfin zafin gas ɗin ya fito ƙasa da yadda yake.

Alamar da ka gani ta kwalam ɗin molecular sieve 5A ce da ruwa ya cika, wato bututun da ke raba oksijin da naitirojin a cikin na'urar. Gasa kwalam ɗin cikin oven, iskar ɗauka (wadda ke tura samfur ta cikinsa) tana gudana, zai farfaɗo.

Don gaba, ƙa'idar ASTM D1945 ta awon iskar gas da GC ta ce a sa mabushi, wato abin tsotse danshi, kafin bawul ɗin samfur. Ɗan bututu mai magnesium perchlorate ya isa, sai dai a yi hattara, yana da haɗari idan ya haɗu da mai. Nafion, wani bututu da ke zare tururin ruwa ta bangonsa, shi ma yana aiki, amma yana kwashe methanol tare da ruwan.

Kada ka sanyaya silindar samfurin don ruwa ya kwanta, sinadarai masu nauyin za su kwanta tare da shi. Ɗumama ta ya fi.